Kurakuran da muke tafkawa wajen shirya kulob da intahaus a makarantunmu

Ni malami ne a wata sakandare cikin garin Bauchi, na daɗe ina riƙe da kulob ɗin dibet, kuma abin da na gani shi ne muna ta kukan babu kuɗi alhali yawancin ɓarnar daga tsarinmu take.

Mu fara da lokaci. Sai ka ga an sa intahaus, wato gasar wasanni tsakanin gidajen ɗalibai na makaranta, a Maris ko Afrilu, daidai sanda zafin Bauchi ke dafa mutum, a jera yara a fili tun ƙarfe tara ana jiran babban baƙo, shi kuwa sai sha biyu ta wuce zai iso. Wata shekara a gabana wata 'yar JSS2 ta yanke jiki ta faɗi da tutar gidansu a hannu, muka shiga neman ruwa kamar hauka, ashe fiya wata ɗin da aka sayo duk an jibge shi ƙarƙashin rumfar manyan baƙi. Tun daga nan na ce a'a. A maida shi ƙarshen Janairu da sauran sanyin hunturu, a duba kalanda kada ya faɗa cikin azumi, a fara bakwai da rabi ko baƙo ya zo ko bai zo ba, ruwa da gulukos da akwatin magani su kasance kusa da yara.

Sai kuma sa kulob bayan an tashi. Haba malam, yaron da ke da Islamiyya bayan la'asar, ko yarinyar da babanta ya ce ta dawo gida da an tashi, ta yaya za su tsaya? A saka shi cikin jadawali kawai, firiyod biyun ƙarshe na Laraba misali, a riƙa kiran suna kamar kowane darasi.

Wanda ya fi ci min rai shi ne yara biyar ɗin nan masu Turanci, su ne dibet, su ne kwiz, su ne karanta labarai a asambuli, sauran ɗari uku aikinsu tafi. Na taɓa gwada dibet da Hausa, wani yaro da ko hannu ba ya ɗagawa a aji ya tashi ya kawo hujja da karin magana har firinsifal sai da ya leƙo. Kowane yaro ya zaɓi kulob ɗaya da kansa, ko JETS na kimiyya da ƙere-ƙere ko na noma ko sikawut ko wasan kwaikwayo, kuma a bar su su zaɓi shugabansu da sakatare, malam ya koma mai sa ido. 'Yan SS3 kam a sassauta musu idan WAEC ta matso.

Batun kuɗin riga, a kai shi taron PTA tukuna, kada uba ya ji a bakin yaro da daddare.

Tafiya Yankari kuma ba wasa ba ce, can cikin ƙaramar hukumar Alkaleri take, dole takardar amincewar iyaye da sa hannu, malama mace idan da 'yan mata, a ƙirga yara wajen shiga mota da wajen fita, kuma a Wikki, ruwan ɗumin da ake wanka a cikin Yankari, wanda bai iya ruwa ba ya tsaya inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa. In aljihu bai kai ba ga kabarin Tafawa Balewa nan cikin gari, da kuɗin keke napep an je an dawo kafin azahar.