Darasi na 9: Baƙin Dare a Tsakar Gida

Da damina ta sauka a Kaduna, ciyawa ta rufe kangaye da bakin kwata, namun daji ƙanana kan matso cikin gidaje. Mazauna kusa da kogi, kamar Kabala da Unguwar Rimi, sun fi kowa sanin haka. Yawancin namun nan da dare suke yawo, ba ka ganinsu, sai dai aikinsu: ƙwai ya ɓace a akurki, ko rami ya bayyana a gindin katanga.

Kafin ka ɗauki sanda, ka san ko wane ne. Da magariba ka barbaɗa toka mai laushi a bakin ramin. Da asuba, kafin kaji su fito, ka je ka duba. Sawu mai dogayen farata da layin da wutsiya ta ja a tsakiya, damo ne ko guza, kuma su ne ɓarayin ƙwai. Ƙananan sawu da tarin ƙasa a bakin rami, gafiya ce. Layi mai lanƙwasa babu ƙafa, maciji ne, a janye yara.

Wasu baƙin masu amfani ne. Bushiya ƙwari take ci. Jaba ma haka, duk da warinta. Dubi dogon bakinta mai tsini, ba ɓera ba ce, kyankyasai take farauta. Ɓera ne abin kora, domin shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa. A rufe abinci.

Sai macizai. Kububuwa gajera ce, ruwan ƙasa, mai ɗigo-ɗigo, tana son ƙarƙashin itacen girki da tarin bulo. Kada ƙanƙantarta ta ruɗe ka, dafinta yana hana jini daskarewa. Kasa kuwa gajera ce mai kauri, ba ta gudu, shi ya sa ake taka ta. Gamsheƙa tana fasa kai, tana feso dafi a ido. In ya faru, a wanke idon da ruwa mai yawa. Wanda maciji ya sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure tamau. A hana shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take.

Aikin gida: Barbaɗa toka a kusurwar gidanka yau da dare. Zana sawun da ka gani, ka rubuta sunan dabbar a ƙasa, ka kawo aji.