Yadda ake zaɓen sikana da injin sassaƙa a ɗakin ƙera haƙora

Yawancin ma'aikatan ƙera haƙora da na ga sun yi asara a wannan harka daga injin sassaƙa suka fara. Mutum ya ga bidiyon inji yana fitar da hular haƙori ta zirkoniya, wato farin seramik mai ƙarfi, cikin 'yan mintuna, ya tattara duk abin da ya mallaka ya biya, injin ya iso, sai a lokacin ya gane ba shi da tanderun gasawa, ba shi da kwamfaresa, wutar shagonsa kuma ba za ta ɗauka ba. Injin shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ka yanke shawara a kansa.

Mataki na farko: buɗe littafin aikinka

Duba ayyukan da likitoci suka aiko maka a wata shidan da suka wuce. Nawa ne hula guda guda, nawa ne gada (haƙoran da aka haɗa don cike giɓi), nawa ne aikin dashe (haƙorin da ke zama a kan ƙarfen da aka dasa a muƙamuƙi), nawa ne haƙoran roba masu cirewa? Wannan lissafin ne zai gaya maka irin injin da kake buƙata, don kowane abu da yadda ake sassaƙa shi. Zirkoniya da kakin zuma da robar PMMA a bushe ake yanka su. Gilashin seramik irin su IPS e.max CAD sai da ruwa, haka ma titaniyam. Idan aikin da ke zuwa maka bai isa ya riƙe inji kullum ba, ka sayi sikana, wato na'urar da ke ɗaukar siffar haƙori zuwa kwamfuta, da manhajar zane kawai, ka riƙa aika fayil ga mai inji yana sassaƙa maka. Babu abin kunya a ciki, kuma a nan ne za ka koyi zane ba tare da bashi a wuyanka ba.

Mataki na biyu: sikana

Sunayen da za ka fi ji su ne 3Shape na Denmak, Medit na Koriya ta Kudu da Shining 3D na Sin. Dillalai za su cika ka da maganar maikiron (ɗaya cikin dubu na milimita, da shi ake auna kuskuren sikana), wannan 4 ne, wancan 7 ne. Kada wannan ya ɗauke maka hankali. Giɓin da aka saba amincewa da shi a bakin hula ya kai kusan maikiron 120, saboda haka duk sikanar da ke ƙasa da 10 ta wadatar da aikin hula da gajeriyar gada. Inda bambancin ke fitowa shi ne doguwar gada a kan dashe da yawa. Ka dai tabbatar an auna lambar bisa ma'aunin ISO 12836.

Abin da ba na sassautawa a kansa shi ne sikana ta fitar da fayil ɗin STL a buɗe, wanda kowace manhaja da kowane inji za su karɓa. Tsarin da ya ɗaure ka ga kamfani ɗaya, ranar da wakilinsu ya daina ɗaga waya aikinka ya tsaya. Ka tambayi kuma ko tana ɗaukar awon baki kai tsaye ba sai an zuba filasta ba, ko atikuleta, wato na'urar da ke riƙe samfurin sama da na ƙasa yadda baki ke cizo, na shiga cikinta, ko farantin saita ta yana cikin kwali. Sannan ka sani, sikana ba ta gyara awon da ya zo a lalace. Idan bakin haƙorin bai fito a awo ba, a allo ma ba zai fito ba. Mayar wa likita ya sake.

Manhajar zane galibi exocad ce ko ta 3Shape. Kafin ka biya, a rubuta maka ko lasisin na dindindin ne ko na shekara shekara, da nawa ake sabuntawa. Kuɗin nan da dala ko yuro ake biyansa, kai kuma da naira ko sefa kake karɓar naka. Sashen dashe da na haƙoran roba galibi daban ake sayar da su. Kwamfuta kuwa Windows, da katin hoto na NVIDIA, da RAM aƙalla gigabait 16, ni 32 nake cewa.

Mataki na uku: abin da ke kewaye da injin

Nan ne ake faɗuwa, don haka bari in tsaya.

Zirkoniya tana fitowa daga inji da laushi kamar alli, kuma ta fi girman da ake so. Sai an gasa ta a zafin digiri 1,450 zuwa 1,550 take ƙanƙancewa da kusan kashi 20 cikin ɗari ta yi tauri. Tanderun da kake gasa fosilin da shi ba ya kai wannan zafin, dole ka sayi na zirkoniya daban. Gashi na yau da kullum yana ɗaukar awa bakwai, takwas, wani lokaci fiye, tanderun kuma yana jan kilowat biyu zuwa uku. Yanzu ka tambayi kanka: yaushe rabon da layinku ya riƙe wuta awa takwas ba ƙiftawa? Idan aka ɗauke wuta a tsakiyar gashi, launi yana canzawa, gada tana iya lanƙwashewa ko ta tsage, ƙarafan da ke dumama tanderun su ma suna shan wahala, kuma ba su da arha. Na ga wanda ya cika tire da aikin mako guda, wuta ta tafi cikin dare, da safe babu ko ɗaya da ya zauna a kan samfur. Likitoci biyu suka janye aikinsu daga wajensa, alhali injinsa lafiya lau yake.

Saboda haka kuɗin wuta yana cikin kuɗin inji. Sikana da kwamfuta da injin sassaƙa su hau UPS irin wanda ba ya yanke wuta ko na daƙiƙa idan ana sauya layi. Tanderu ya samu layinsa shi kaɗai, da janareta ko inbata da batir da aka auna za su riƙe shi daga farko har ya huce. Kada ka yarda da ƙiyasin baki. Ka nuna wa mai haɗa wuta farantin da ke bayan tanderun. Idan na hannu ka sayo daga Amurka, duba ko na bolt 110 ne, don namu 230 ne.

Sai iska. Injin yana buƙatar kwamfaresa marar mai, mai na'urar busar da iska. Wasu injuna suna neman matsin iska na bar 6 zuwa 7, wasu ƙasa da haka sosai, duba takardarsa. Kwamfaresan masu faci ba zai yi ba: mai da danshin da yake turawa suna shiga sandar da ke juya tsinken sassaƙa, ita ce kuwa mafi tsada a jikin injin. Ga na'urar zuƙar ƙura, wadda wasu ke tsallakewa don rage kuɗi. Ƙurar zirkoniya tana cin sassan inji, kai ma kana shaƙarta. A wajenmu ga ƙurar hunturu ta ƙaru a kai, ga zafin bazara. Ɗakin ya zama rufaffe, da na'urar sanyaya ɗaki, kuma nesa da inda ake goge filasta.

Idan ka haɗa tanderu, kwamfaresa, mazuƙin ƙura, wuta, jigila da kwastam, abin da ya rage a hannunka shi ne kuɗin injinka na gaskiya.

Mataki na huɗu: injin kansa

Sayi mai aksis 5, wato mai motsi ta fuska biyar. Mai 4 yana yin hula da ƙaramar gada, amma ba ya iya karkata faifan da ake sassaƙawa ya shiga lungu, kuma ranar da aikin dashe ya fara zuwa za ka ga iyakarsa. DWX-52D na Roland da K5 na vhf duk busassun injuna ne masu aksis 5, akwai kuma imes-icore da Amann Girrbach da wasu na Sin masu sauƙin kuɗi. Ya kasance yana karɓar faifai mai faɗin milimita 98, shi ne wanda kowa ke sayarwa. Masu 95 ko 71 za su taƙaita maka kasuwa.

Injin da ke yin jiƙaƙƙe da busasshe a haɗe yana da daɗin ji, amma ƙurar zirkoniya idan ta haɗu da ruwa caɓi take zama, kowane sauyi sai an wanke an busar. Idan zirkoniya ce mafi yawan aikinka, ɗauki busasshe, ka aika na gilashi waje. Mai sauya faifai da kansa kuma bar wa masu aikin dare.

Tambayi wace manhaja ce ke tuƙa shi, MillBox ko hyperDENT ko ta kamfanin, da ko kuɗinta yana ciki. Kowane faifai yana zuwa da lambar ƙanƙancewarsa a jiki, a shigar da ita daidai ko hula ta ƙi zama.

Mataki na biyar: kafin ka biya

Ba dillali samfur ɗaya daga aikinka, gada mai haƙora uku, ya ɗauka ya zana ya sassaƙa ya gasa, ka ɗora a kan samfur da hannunka. Tambaye shi wa zai zo gyara, daga wane gari, sandar juyawa kwana nawa take isowa, garanti na awa nawa ne. Nemi lambar wani da ya sayi irinsa shekara biyu da suka wuce ka kira shi. Injin hannu kuwa a nuna maka awannin da sandarsa ta yi a allo. A sa horo na aƙalla mako guda cikin yarjejeniya, sannan ka haɗo tsinkayen milimita 2 da 1 da 0.6 na wata shida a cikin kaya ɗaya, don aiko su daga baya wani kuɗin jigila ne daban.