Kurakuran da ake yi wajen zaɓen madubin bindiga don farautar koyoti

Koyoti ɗan uwan dila ne da ke Arewacin Amurka. Da wuya ya haura kilo 20, ga wayo ga zafin nama. Maharba a jihohin Amurka irin su Texas ko Wyoming galibi ba sa binsa a guje. Zama suke yi a ɓoye, su kunna kukan zomon da ya shiga uku, shi ya kawo kansa. Yadda yake zuwan nan shi ya kamata ya zaɓa maka madubi, kuma nan ne aka fi yin kuskure.

Mafi yawan masu saye kwaɗayin jawo abu kusa ke cin su. Mutum ya ga 6-24x50 a kanti, wato madubin da ke jawo abu kusa daga ninki 6 zuwa 24, mai gilashin gaba mai faɗin milimita 50, ya ce ya samu. Alhali koyotin da kira ya ruɗa yakan ɓullo da gudu a yadi 40 ko 50, kuma idan madubi na kan ninki 18, ciyawa kawai za ka gani tana wucewa. Kafin ka lalubo shi ya zagaya ya shaƙi warinka, ya yi gaba, kuma wanda ya tsira sau ɗaya da wuya ya sake amsa wannan kiran. A fili mai faɗi 3-9x40 ko 4-12x40 ya wadatar. A dazuzzukan Pennsylvania 2-7 ma ya isa. Da ka zauna, mayar da madubin kan ninki mafi ƙanƙanta. Wanda ya tsaya a nesa zai ba ka lokacin murɗawa, wanda ya taho a kusa ba zai ba ka ba.

Sai batun haske, tunda da asuba da almuru aka fi samun koyoti. Ana ɗauka babban gilashin gaba shi ne maganin duhu. Raba faɗin gilashin da ninkin, za ka san hasken da ke isa idonka: 40 a ninki 8 milimita 5 ne, 50 a ninki 20 kuwa 2.5 kacal. Ga shi gilashi mai faɗin 56 yana sa a ɗaga madubin sama, kunci ya rabu da gindin bindiga. Gara ka zuba kuɗinka a gilashi mai kyau da gicciye, wato layukan saiti da ke cikin madubin, mai ɗan haske a tsakiya.

Ɗigogin da ke ƙasan gicciye, masu nuna faɗuwar harsashi, su ma suna yaudara. A yawancin madubai ninki ɗaya kawai suke daidai, galibi mafi girma, kuma harsasai nau'in .223 da .22-250 ba faɗuwarsu ɗaya ba. Je filin gwaji ka harba a yadi 100 da 200 da 300 da harsashin da za ka fita da shi, ka rubuta.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne madubi mai tsada a kan zobba masu araha, wato waɗanda ke riƙe shi a kan bindiga, an ɗaure su da ƙarfin tsiya har bututun ya lotsa. Bi ƙa'idar ɗauri da kamfanin ya rubuta. Tazarar da ke tsakanin ido da madubi kuma ka daidaita ta a zaune, sanye da rigar sanyin da za ka fita da ita, domin kaurinta na ture kafaɗa baya.

Madubin dare mai gano zafin jiki kuwa, kada ka saya sai ka karanta dokar jihar da za ka yi farauta, don kowace jiha da nata sharuɗɗan.