Darasi: Idan Sitiyari Yana Karkarwa Lokacin Taka Birki

Mota tana tafiya lami lafiya, amma da zarar direba ya taka birki sai sitiyari ya kama karkarwa a hannunsa. In ya ɗaga ƙafa, abin ya lafa. Direbobi da yawa sukan saba da haka har su daina jinsa. Bai kamata a saba ba, domin rayukan da ke cikin mota a kan birki suka dogara. A wannan darasi za mu koyi gano tushen matsalar tun kafin a sayi komai.

A bayan kowace tayar gaba akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da ita, shi ne diski. Fad guda biyu suna gefensa, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, kalifa na riƙe da su. In ka taka birki, man birki ya tura fistan, fad su matse diski, mota ta rage gudu. Ƙafafun gaba su ke ɗaukar mafi yawan wannan aiki, kuma su ne a haɗe da sitiyari. Saboda haka duk abin da ya same su, hannunka zai ji.

Fara da lura

Nemi hanya miƙaƙƙiya wadda ba cunkoso. Kai gudun kilomita 80 a awa, sannan ka taka birki a hankali. A ina kake jin karkarwar? In a sitiyari ne, matsalar tana gaba. In a kujera ne ko a jikin motar, a duba birkin baya. In kuwa sitiyari na rawa ko ba ka taɓa birki ba, yawanci balansin taya ne ko rim ya lanƙwashe, gyaran wannan daban ne. Akwai kuma bugun da ake ji a ƙafa idan aka taka birki da ƙarfi a kan santsi. Wannan ABS ne, wato na'urar da ke hana taya kullewa, ke aikinsa, ba lalacewa ba ce.

Sai a ɗaga mota

Tsayar da ita a wuri mai daidai, ka ja birkin hannu, ka tare tayoyin baya. Ɗaga da jak, sannan ka sa matokari mai ƙarfi. Kada ka taɓa yarda da jak shi kaɗai. Kafin ka cire taya, kama ta dama da hagu ka girgiza. In tana ƙwas-ƙwas, a duba tayarod, wato sandar ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya. Sake kama ta sama da ƙasa. In ta motsa, ko boris ne, wanda taya ke juyawa a kansa, ko bol-joyin, wato gaɓar da ke riƙe ƙafar motar. Waɗannan in sun saki, ƙaramar matsalar birki sai ta zama babbar girgiza.

Juya tayar da hannu ka saurara. In tana kamawa tana saki, a wuri ɗaya kowane zagaye, diskin ba daidai yake ba. Cire taya ka dube shi da kyau, bayan ya huce. Shuɗin tabo alama ce ta zafi ya yi yawa. Haka kuma a duba zurfafan layuka, tsagewa, da wuraren da fad ya bar dauɗarsa a manne. Sau da yawa ana cewa diski ya lanƙwashe, alhali kaurinsa ne ya bambanta: nan ya ci, can bai ci ba. Bambancin da bai kai kaurin silin gashi ba ya isa ya girgiza sitiyari. Ido ba ya ganin wannan, sai bakanike ya auna da agogon awo. Zai kuma auna yadda diski ke karkacewa in yana juyawa: a motoci da yawa, karkacewar da ta wuce milimita 0.05 ta yi yawa.

Dubi fad ɗin ma. In na ciki ya cinye, na waje da saura, kalifa ta maƙale. Akwai fil guda biyu da take zamewa a kansu. A ciro su, a goge, a shafa musu giris na birki. In naman fad ya rage milimita 3, lokacin canji ya yi.

Gyara

A jikin diski an buga mafi ƙarancin kaurin da zai iya aiki da shi. In akwai saura sosai, ana iya kankare fuskarsa a inji. In ya kusa iyaka, a canza shi. Ana canza dama da hagu tare, da sababbin fad, ba a canza gefe ɗaya.

Ga wurin da aka fi yin sakaci. Fuskar hob, inda diski ke zama, takan tara tsatsa. In aka ɗora sabon diski a kan tsatsar nan, zai zauna a karkace, bayan 'yan watanni karkarwar ta dawo, kuɗi sun tafi a banza. A goge wurin da burushin ƙarfe sai ya yi fes. A ganina wannan ɗan aiki ya fi tsadar diskin muhimmanci. Notocin taya kuma a ɗaure su ɗaya yana fuskantar ɗaya, kaɗan-kaɗan, da sufana mai awo, gwargwadon yadda littafin motar ya faɗa. Hawa kan sufana da ƙafa ba gwaninta ba ce.

Kafin ka motsa motar, ka yi ta taka birki sai ya yi tauri. Sannan ka gwada: daga gudun 60 ka rage zuwa 10, kamar sau 8, ba tare da tsayawa cik ba, domin fad da diski su saba da juna. Daga nan ka yi tafiya su huce. A gangare mai tsawo ka sa ƙaramin giya maimakon ka yi ta taka birki, kuma kada a watsa wa diski ruwa yana da zafi.

Aikin gida: nemi izinin mai mota, ka leƙa ta ramukan rim ka ga diski da kalifa. Rubuta jimla uku a kan abin da ka gani, ka zo da su aji.