Yadda Ake Auna Sharhin Masana a Kan Fim Ɗin Manomin da Ya Ƙi Yi wa Hitila Yaƙi

Kafin ka karanta ko da sharhi ɗaya a kan A Hidden Life, fim ɗin da Terrence Malick ya ba da umarni, fara da sanin mutumin da aka gina labarin a kansa, domin yawancin saɓanin masu sharhi ya samo asali ne daga yadda kowannensu ya fahimci matakin da ya ɗauka. Franz Jägerstätter manomi ne ɗan ƙauyen St. Radegund a ƙasar Ostiriya, mabiyin ɗarikar Katolika, mai mata da 'ya'ya mata uku. Da aka kira shi aikin soja a rundunar Hitila a 1943, sai ya ƙi ɗaukar makami saboda imaninsa, aka yanke masa hukuncin kisa, aka fille masa kai a gidan yarin Brandenburg da ke Jamus ranar 9 ga Agusta na wannan shekarar, yana ɗan shekara 36. Sai a 2007 cocinsa ta ɗaukaka shi zuwa matakin da ke gab da na waliyyai.

Bayan haka, ka kalli fim ɗin da kanka a zama ɗaya, ka ajiye waya, domin tsawonsa ya kusa awa uku kuma tafiyarsa a hankali take. Daga nan ne za ka iya rarrabe ƙorafe-ƙorafen. Wanda aka fi yi tun lokacin da aka fara nuna shi a bikin fina-finai na Cannes a Faransa cikin 2019 shi ne tsawo da maimaici: ga yankan ciyawa, ga duwatsu, ga wani jami'i yana sake tambayar Franz ko ƙin nasa zai canja wani abu. Idan ka ci karo da wannan suka, ka tambayi kanka ko maimaicin yana da aiki. A ganina yana da shi, saboda abin da Franz ya fuskanta ke nan: magajin gari da limamin coci da lauya, kowa ya zo masa da magana ɗaya, cewa ya miƙa wuya ya tsira don iyalinsa, kuma dole mai kallo ya ɗanɗana nauyin jin wannan kullum.

Akwai sukar da ta fi wannan ƙarfi, kada ka yi mata kallon wasa. Franz da matarsa Fani suna magana da Turanci, alhali sau da yawa 'yan Nazi, wato mabiya Hitila, na daka tsawa da Jamusanci ba tare da fassara ba, abin da wasu suka ce ya sa mugunta ta zama kamar baƙuwa daga nesa, bayan kuwa maƙwabtansa ne suka ƙaurace wa iyalinsa. Wasu kuma sun lura cewa fim ɗin bai tsaya a kan kisan gillar da aka yi wa Yahudawa ba. Ka auna wannan da adalci.

Sannan ka duba mizanin da mai sharhin ya yi awo da shi. Wasu sun yaba ne don suna ganin Malick ya komo ga labari mai tsari bayan fina-finansa na baya-bayan nan, wannan kuwa magana ce ta sana'a. Alƙalan haɗin gwiwar ɗarikun Kirista da suka ba shi kyautarsu a Cannes sun duba batun lamiri ne. Ka fi ba da muhimmanci ga sharhin da ya kula da Fani, wadda Valerie Pachner ta fito a matsayinta, domin wasiƙun da ke tsakaninta da mijinta su ne ƙashin bayan labarin, kuma ita ce ta ci gaba da noma gonar ta raini yaran har ta rasu a 2013 tana da shekara 100.