Kurakuran da Ake Yi da Lambobin Yabon 'Yan Mazan Jiya, da Yadda Za a Gyara

Lambar yabon soja tarihin mutum ɗaya ce da aka rubuta a jikin ƙarfe da ƙyalle. Irin ƙarfen, launin ƙyallen da take rataye a jiki, gurbinta a jeri, har da ɗan rubutun da ke gefenta, kowanne yana faɗin inda sojan ya je, abin da ya yi da abin da ya same shi. Akasarin ɓarnar da ake wa lambobin nan daga hannun masoya take fitowa, 'ya'ya da jikokin da ke son karrama tsohonsu amma suka taɓa kafin su karanta.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne ɗaukar kowace lamba a matsayin shaidar jarunta. Lambobin soja iri-iri ne. Akwai ta bajinta a gaban abokan gaba, irin su Victoria Cross ta Birtaniya, wadda Sarauniya Victoria ta kafa a 1856, kuma har yau waɗanda suka same ta ba su kai 1,400 ba. Akwai ta halartar fagen daga, wadda ake ba duk wanda ya yi aiki a wani yanki cikin wani lokaci. Tauraron Afirka, lambar Birtaniya ta Yaƙin Duniya na Biyu, alal misali, kwana ɗaya a fagen ya isa a same shi, muddin ya faɗo tsakanin 10 ga Yunin 1940 da 12 ga Mayun 1943. Lambar Majalisar Ɗinkin Duniya ta masu kiyaye zaman lafiya kuwa galibi sai an cika kwana 90. Sannan ga ta daɗewa a aiki da kyawun hali. Purple Heart ta Amurka ma, wadda tushenta ya koma ga George Washington a 1782 kafin a farfaɗo da ita a 1932, mutane da yawa na yi mata kallon lambar jarunta, alhali wanda aka raunata ko aka kashe a yaƙi ake ba. Wannan bambanci bai rage wa kowa daraja ba. Wanda ya ratsa dazuzzukan Bama ya dawo da Tauraron Bama a ƙirjinsa ya ga abin da ya gani. Amma idan iyali suka riƙa cewa an ba shi ne don ya tarwatsa runduna shi kaɗai, labarin gaskiya, wanda ya fi nauyi, sai ya ɓace a ƙarƙashin na ƙari. Gyaran mai sauƙi ne: a gano sunan kowace lamba da sharaɗin bayar da ita kafin a faɗi komai a kanta.

Ƙyallen shi ne aka fi rainawa, kuma a nan ne nake ganin asarar ta fi yawa. Sai ka ga an cire tsohon ƙyalle don ya koɗe, an jefar, an samo wani mai sheƙi an ɗaura, ko kala bai zo ɗaya ba. Alhali launukan nan ba ado ba ne kawai. Dubi na Tauraron Afirka: jikinsa ruwan yashi ne, wato hamada, jan layi mai faɗi a tsakiya na sojojin ƙasa ne, siririn shuɗi mai duhu na sojojin ruwa, shuɗi mai haske na sojojin sama. Lambar Tsaro ta Birtaniya ta Yaƙin Duniya na Biyu tana da kore a gefe biyu, alamar ƙasar Birtaniya, da ruwan wuta a tsakiya don tuna luguden bama-bamai, da siraran baƙaƙen layuka na dararen da ake kashe fitilu don kada jiragen abokan gaba su ga gari. Wanda ya sauya wannan ƙyalle da wani ya goge rabin bayanin. Har juya shi ma kuskure ne: a Tauraron Afirka, shuɗi mai duhu shi ne ke nesa da kafaɗar hagu. Idan ƙyalle ya rube har ba ya iya ɗaukar nauyin ƙarfen, a nemi sabo mai launi da faɗi daidai da na asali, tsohon kuma a naɗe shi a ajiye tare da lambar.

Wajen wannan sauyi ne ƙananan abubuwa ke salwanta. Ɗan siririn ƙarfen da ke gicciye a kan ƙyalle yakan ɗauki sunan runduna ko fagen daga, ko ya nuna an sake ba mutum lambar karo na biyu. Mutum uku ne kacal suka taɓa samun irin wannan ƙari a kan Victoria Cross: Arthur Martin-Leake, Noel Chavasse da Charles Upham. Ɗan ganyen tagulla da ake ɗinkawa a ƙyallen wasu lambobin Birtaniya kuwa yana nufin kwamanda ya ambaci sunan sojan a rahotonsa na yaƙi. Bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, shi ya sa ake zaton ƙawa ce, a yar da shi tare da tsohon ƙyalle.

Sai batun gogewa. Mutum ya buɗe akwati ya tarar azurfa ta yi baƙi, tagulla ta dusashe, sai ya ɗauko man goge ƙarfe ya dirje ta har ta yi wal-wal. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Irin wannan mai yana cin ƙarfe kaɗan-kaɗan, kuma inda yake fara ci shi ne wuraren da suka taso: fuskar sarkin da ke gaba, haruffan da ke baya, da sunan mai ita. Lambobin Birtaniya na Yaƙin Duniya na Ɗaya suna ɗauke da lambar rajistar sojan, muƙaminsa, sunansa da rundunarsa, an buga su da ƙananan haruffa a gefen ƙarfen ko a bayansa. Ka karkata ta wajen haske ka juya a hankali, za ka gani. Shekaru na dirza kan shafe wannan layi, daga nan lambar ta zama ta kowa. Wasu ma da duhunsu aka ƙera su. Victoria Cross tagulla ce mai duhu tun fil azal, kuma a bayanta ne aka sassaƙa ranar da aka yi bajintar. Abin da ya dace shi ne tattausan ƙyalle busasshe. In datti ya kama sosai, a raba ƙarfen da ƙyallensa, a wanke da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu marar ƙarfi, a tsane shi sarai. Kada a kai a yi mata ruwan zinariya ko na azurfa. Kuma a riƙe ta ta gefe, domin gumin yatsa na barin tabo.

Wajen sanyawa, ƙa'idar da aka fi sani ita ce mai lamba ya sa tasa a ƙirjin hagu. Jerin ba ya bin girman ƙarfe ko kyawunsa. Kowace ƙasa tana da tsarin fifiko a rubuce, kuma wadda ta fi daraja ita ke kusa da tsakiyar ƙirji, sauran su bi ta zuwa wajen kafaɗa, fuskar kowacce na kallon waje. A cikin firam ma haka: babbar tana hagun mai kallo. Lambobin tunawa da ƙungiyoyi ke bugawa suna sayarwa ba sa shiga wannan jeri. A ajiye su daban.

Inda aka fi zamewa shi ne idan mai lambar ya rasu. A Birtaniya, Ostireliya da New Zealand al'ada ta yarda ɗan uwa ya sa lambobin mamaci a ranar tunawa da 'yan mazan jiya, amma a ƙirjin dama, don duk wanda ya gani ya san ba nasa ba ne. A Kanada kuwa doka ta hana kowa sanya lambar da ba shi aka ba wa ba, ko da ɗan cikinsa ne. Amurka ta yi doka a 2013 da ta mai da ƙaryar samun wasu manyan lambobi laifi idan an yi ta don neman kuɗi ko wata riba. Saboda haka kafin ka maƙala lambar mahaifinka a riga, ka tambayi ƙungiyar tsofaffin sojoji ko hukumar sojan ƙasar da ta bayar. Riƙe ta a hannu cikin akwatinta ko tare da hotonsa karramawa ce da ba wanda zai yi wa fassara ta daban.

Rataye lambobi a bango abu ne mai kyau, sai dai bangon da rana ke bugawa yana cinye launin ƙyalle, kuma launin da ya tafi ba ya dawowa. Danshi na kawo koren tsatsa a jikin tagulla. Gam da salatif suna barin tabon da ba ya fita, huda ƙarfe don a kafa ƙusa kuwa ɓarna ce ta har abada. Roba da ulu suna sa azurfa yin baƙi da sauri. A sami firam mai zurfi yadda gilashi ba zai taɓa ƙarfen ba, a shimfiɗa auduga, a ɗinke ƙyallen da zare ta yadda za a iya warwarewa. Kafin a rufe, a ɗauki hoton gaba da baya da gefen kowace lamba.

Akwai kuma rabo. Magada kan ga adalci ne kowa ya ɗauki ɗaya, ba su san jerin gaba ɗayansa ne ke ba da labarin ba: wannan ta ce ya je Habasha, waccan ta ce daga can aka wuce da shi Bama, ta ukun ta ce ya kai ƙarshen yaƙi da ransa. Matsalar ta fi tsanani ga lambobin Yaƙin Duniya na Biyu, domin waɗanda Birtaniya ta raba wa sojojinta ba a buga suna a jikinsu ba. Takardar sallama, littafin albashi, ɗan kwalin da aka aiko da su da hoton mai su cikin kaki, su ne kaɗai ke haɗa ƙarfen da mutumin. A bar lambobin da takardun wuri ɗaya a hannun wanda iyali suka amince da shi, sauran a yi musu kwafi ko ƙananan samfura, a rubuta a baya cewa kwafi ne. Idan babu mai iya kula da su, gidan tarihin rundunar da ya yi wa aiki ya fi akwatin da ke ƙarƙashin gado. In kuwa tsohon yana raye, a zauna da shi da lambobin a gabansa, ya ɗauki kowacce ya faɗi wuri da shekara da sunayen waɗanda suke tare, wani kuma yana rubutawa.