Darasi: Ba Kowane Jini a Bahaya Ne Basir Ba

Ranar kasuwar Wudil ko ta Maigatari, ba ka rasa jin mai lasifika yana tallan maganin basir. Mutum ya ga jini a bahayarsa, sai ya sayi ƙulli ɗaya ya jiƙa ya sha. Basir kam yana sa zubar jini. Amma akwai wata cuta mai zuwa da wannan alamar, wato ciwon dajin babban hanji da dubura.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum fiye da miliyan 1.9 ne suka kamu da shi, fiye da 900,000 suka rasu. A cikin cututtukan daji shi ne na uku a yawa, na biyu a kisa.

Yawanci da ɗan tsiro yake farawa a cikin hanji, wanda kan yi shekaru kafin ya rikiɗe. Likita yana iya zura siririyar tiyo mai kyamara ta dubura, ya gano tsiron, ya cire shi. Wannan gwajin ya taimaka mace-mace suka ragu a tsakanin dattawan Amurka. Sai dai ciwon yana ƙaruwa a cikin 'yan ƙasa da shekara 50, har a 2021 suka mayar da shekarun fara gwaji 45.

A can, in an gano shi bai yaɗu ba, kusan mutum 9 cikin 10 suna nan da rai bayan shekara 5. In ya kai hanta ko huhu, ba su kai 2 cikin 10 ba. Mu kuwa a makare muke zuwa asibiti, bayan jiƙe-jiƙe sun ci kuɗin, kunya ta ci lokacin.

Malam, Malama, in jini ya ƙi tsayawa, ko zawo da taurin bahaya suna karɓa-karɓa har makonni, ko ana rama da ɗashewa ba dalili, a je asibitin kusa. In da hali, su tura mutum Asibitin Malam Aminu Kano ko na Rasheed Shekoni da ke Dutse. Don rage haɗarin kamuwa da ciwon, a riƙe cin gero, dawa, wake da zogale, a bar taba.

Aiki:
1. Rubuta alamu 3 na wannan ciwo.
2. Wane asibiti ne ya fi kusa da garinku? Rubuta sunansa.